Warin takalmin da ƙanena ya ɓoye

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce, haifaffiyar Birni a nan Damagaram, shekaruna sun haura arba'in. Na daɗe ina rubuta wa yara 'yan shekara 11 zuwa 15 labaran ban dariya na aljanu da ƙadangaru masu magana, kuma duk wanda ya saurare su da kyau zai gane cewa a kan mutuwa suke. Mutane da yawa sun tambaye ni dalili, wasu cikin mamaki, wasu cikin fushi. Amsar tana da tsawo, ta kuma faro ne tun ina 'yar shekara 13.

Mu biyu ne a ɗakin mahaifiyarmu, ni da ƙanena da na girma da shekara huɗu. Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, in za ta aike ni sai dai ta ce "ke". Ban taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya ba, kowa ya san kunyar ɗan fari. Ƙanena kuwa shi ne ɗan lelen gida, kuma Allah ya zuba masa tsokana. Ya taɓa ɗaura wa akuyar kakarmu kallabi ya jawo ta har zaure ya ce wa Baba ga baƙuwa tana sallama. Yana kwaikwayon tafiyar 'yan ga-ruwa, yana kwaikwayon dogaran sarki da tsawarsu. In mun tafi layin famfo tun da asuba, don wanda ya tashi a Zinder ya san abin da ruwa yake nufi, shi ne zai sa matan layi dariya har wata ta ce a bar yaron nan ya cika bokitinsa ya tafi kafin cikinta ya ƙulle. Kakarmu ta wajen uba tana ce masa "maigidana", ni kuma "kishiya". Da dare in ta ce "ga ta nan ga ta nanku", ba ya barinta ta kai ƙarshe lafiya. Sai ya tsaya yana tambayar ko Gizo ya biya bashin da ya ci, ko wa ya ba Ƙoƙi kuɗin cefane.

A 1995 ƙaramar salla ta faɗo a farkon watan Maris. Shekara ɗaya ke nan da karya darajar sefa, komai ya yi tsada, kuma Baba tela ne, abin da keken ɗinki ya kawo shi muke ci. Duk da haka ya je wurin dukawa ya sayo mini takalmin fata ja mai ado. Da shi na je kallon hawa a ƙofar fada, ina tafe ina duban ƙafata fiye da dawakai.

Kamar mako uku bayan salla, wata safiya na tashi zan tafi lakkol, na duba na ga wari ɗaya. Ƙanena yana bakin ƙofa yana danne dariya. Ya ce sai na ba shi dala biyar zai faɗa mini inda ɗayan yake. Na makara, ga tsoron bulala a bakin makaranta, raina ya ɓaci. Na dube shi na ce, "Allah ya raba ni da kai in huta." Na zura tsohon silifa na fita.

Da na dawo da rana na tarar da shi kwance yana kukan ciwon kai. Kafin magariba jikinsa ya yi zafi kamar garwashi, yana amai, ba ya son haske, wuyansa ya sandare. Shekarar ce sanƙarau ya yi wa Nijar mummunan shiga, dubban mutane suka kamu. Da safe aka kai shi likita, Baba ya ce majinyata har ƙarƙashin itatuwa. Ni ba a bar ni na je ba, an ce ana ɗauka. A kwana na uku ya cika. Abin da na gani kawai shi ne maza sun fita da shi daga zaure, ɗan ƙarami a cikin likkafani, ni kuma ina leƙe ta bayan zana.

Aka yi zaman makoki. Mutane suna shigowa suna ce wa Inna da Baba da kaka "ya haƙuri", suna amsawa "da godiya". Ni aikina kai ruwa da wanke kwanuka. Ban tuna mutum ɗaya da ya tsaya ya yi mini gaisuwa ni kaɗai ba, kuma ban zarge su ba, a wurinsu yarinya ce, za ta manta. Ranar sadakar uku kuka ya ƙwace mini a bakin murhu, sai wata gwaggona ta kama kafaɗata ta ce, "Ke, yi shiru. Hawayenki wuta ne a kansa." Da kyakkyawar niyya ta faɗa, haka ita ma aka faɗa mata tana yarinya. Amma daga ranar na shiga tsoron idona. In na ji hawaye na tahowa sai in ciji leɓe har ya fashe.

Ga kuma maganar da na yi masa. Kowane yaro Bahaushe ya san baki shi ke yanka wuya. Ni na roƙi Allah ya raba mu da safe, da yamma wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa. Wane ƙarin bayani yarinya 'yar shekara 13 take buƙata? Na yanke wa kaina hukunci cewa ni na kashe shi, ban kuma gaya wa kowa ba.

Sunansa ya fita daga gidanmu. Aka ba da tufafinsa sadaka, allonsa ya koma hannun wani yaro a makarantar allo. Kaka ta daina tatsuniya gaba ɗaya. Ni kuma kullum in babu idon kowa sai in shiga neman warin takalmin nan: ƙarƙashin gado, bayan randa, turken akuya, kan katanga, har cikin buhun ƙyallayen Baba. Na sa a raina cewa ranar da na same shi, ya yafe mini.

A aji, siziyam muke lokacin, wato ajin farko na sakandare, akwai wata 'yar Zango da muke benci ɗaya. Ba na ƙaunarta ko kaɗan. Surutu gare ta kamar aku, ga aron bik, wato biro, ba ta mayarwa. Bayan na koma makaranta kowa ya riƙa kewaye ni, wasu don tsoron ciwon, wasu don ba su san me za su ce ba. Ita ko a jikinta. Wata rana lokacin hutun ƙarfe goma ta dubi ƙafata ta ce ina jan takalmin da na cika musu ido da shi. Na ce wari ɗaya ya ɓata. Ta ce wa ya ɓatar. Na yi shiru, can na ce ƙanena ne ya ɓoye. Na zaci za ta ce Allah ya jiƙansa ta kau da kai kamar kowa. Sai ta ce, "To ai yana kasuwar ƙarƙashin duwatsu. Ke 'yar Birni ce ba ki san ta ba?"

Nan take ta ƙirƙiro ta, ina kallonta. Wai a ƙarƙashin manyan duwatsun nan na Birni akwai kasuwa da take ci ranar Alhamis, rana ɗaya da Kasuwar Dole, sai dai ita da tsakar dare. Duk abin da ya taɓa ɓata a Damagaram yana can a shimfiɗe: marufan bik, alluran tsofaffi, 'yan kunne wari-wari, haƙoran yara da aka jefa kan rufin ɗaki, har da kuɗin aike da yara suke rantsuwa sun faɗi a hanya. Mai kasuwar wani tsohon aljani ne mai fama da mura, ga mantuwa, kullum yana neman carbinsa alhali yana wuyansa. Dillalinsa ƙadangare ne, kuma ba a taɓa gama ciniki da wuri ba, saboda in mai saye ya yi tayi sai ya gyaɗa kai, in mai sayarwa ya ce albarka sai ya sake gyaɗa kai. Ba a karɓar kuɗi a kasuwar. In kana son kayanka, sai ka ba da labarin gaskiya a kan wanda ya taɓa kayan a ƙarshe, labarin da zai sa tsohon aljani dariya. In bai yi dariya ba, sai wata Alhamis.

Ta ja gyalenta ta rufe kai, ta toshe hanci ta yi muryar tsoho ta ce, "Yarinya, wane ne ya taɓa takalmin nan? Me ya taɓa yi?"

Ban san lokacin da na fara ba ta labarin akuya mai kallabi ba. Ta yi dariya har ta faɗo daga kan dakali. Ni ma na ji dariya ta fito mini, ta farko tun rasuwar, kuma a tsakiyarta ta juye ta zama kuka. Na fara cije leɓe ina cewa ba kyau, wuta ce a kansa. Ta ce, "Wa ya ce? Yi abinki, ina tsare miki hanya." Ta juya mini baya ta tsaya tana cin ƙosanta, duk wanda ya nufo mu ta harare shi. Da na gama ta miƙo mini ƙosai ɗaya, wanda ta riga ta gatsa, ta ce aljani ya yi dariya amma ya manta inda ya ajiye takalmin, in dawo mako mai zuwa da wani labarin.

Haka muka yi ta yi. Muka sami tsohon kaye, wato littafin rubutu, muka fara rubutawa daga baya, da Hausa amma da rubutun Faransanci, don shi kaɗai muka iya. Kowane mako sai na tono wani abin da ƙanena ya yi, kuma kowane mako tsohon aljani yana da uzuri. A cikin kayen nan ne kaɗai sunansa yake raye.

Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne, mun fi wata biyu a haka ban taɓa tambayarta komai game da kanta ba. Wata rana na raka ta gida, na ji ta kira matar gidan da wani suna da ba a kiran uwa da shi. A hanya na tambaye ta, ta ce mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwa tun tana 'yar shekara 10. Duk surutun nan, duk dariyar nan, ashe ta riga ni shiga wannan ɗakin da shekara uku. Ranar na karɓi gyalen na rufe kaina, na toshe hanci na ce, "Ke kuma me kika zo nema?" Ta daɗe ba ta amsa ba, abin da ban taɓa gani ba. Sannan ta ce waƙar da mahaifiyarta take yi in tana daka, ta tuna farkonta amma ƙarshen ya ɓace mata. Daga nan yaran cikin labarin suka zama biyu.

Sau ɗaya muka yi faɗa na gaske. Na ce ina so a babi na gaba yarinyar ta ɗaga wata tabarma a kasuwar ta tarar da ƙanenta a ɓoye yana dariya. Ta ce a'a. Na ce labarina ne. Ta ce kasuwarta ce, kuma kaya ake sayarwa a ciki, ba a sayar da mutane. Na yi mako guda ba na yi mata magana. Yanzu da nake rubuta irin waɗannan labarai na san ita ce mai gaskiya. Yaron da ya yi rashi zai bi ka duk inda ka kai shi, ya yarda da ƙadangare dillali, ya yarda da aljani mai atishawa, amma ranar da ka dawo masa da mamacinsa a takarda ka yaudare shi, domin zai rufe littafin ya ga shimfiɗar tana nan babu kowa.

Ƙarshen kayen bai yi daɗi ba. Wani mushe, wato malaminmu, ya kama mu muna rubutu ana darasi, ya ga Hausa ce, ya yayyaga shi a gaban aji, ya yi mana bulala biyar-biyar. Muka ci gaba da baki. Bayan katiriyam, wato aji uku na sakandare, aka yi mata aure aka kai ta wajen Tanut, ni kuma na ci jarrabawa na wuce makarantar horon malamai. Na yi aure, na haihu, kasuwar ƙarƙashin duwatsu ta koma cikin abubuwan ƙuruciya. Amma maganar da na gaya wa ƙanena tana nan inda take. Na koyar da yara cewa sanƙarau ƙwayar cuta ce da take bin numfashi, tana ƙaruwa lokacin ƙura da zafi da cunkoso. Na tsaya da kaina na jera ɗalibai a layi lokacin da aka kawo sabuwar allurar rigakafi da aka fara a 2010. Kaina ya san duk wannan. Amma in 'ya'yana suna faɗa ɗaya ya buɗe baki zai yi wa ɗan'uwansa mugun fata, sai in ji jikina yana rawa, in yi musu tsawar da ta fi ƙarfin laifin.

A 2013 ina koyar da ajin ƙarshe na firamare a wani ƙauye a yankin Kance. A wannan yanki mata da yawa suna ɗaukar ƙananan yara su nufi Aljeriya neman abin rufin asiri. A watan Oktoba na shekarar aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, mafi yawansu mata da yara, da yawa daga yankinmu. Akwai wani yaro a ajina ɗan shekara 12, da can mai natsuwa, sai ya koma barci a aji da dambe a waje. Na sa shi durƙuso ya fi sau nawa. Wata rana ya fasa wa wani yaro baki, na ɗauko bulala, sai wata ɗaliba ta matso ta ce a hankali, "Madam, innarsa ta tafi da ƙannensa biyu, ba a sake jin labarinsu ba." Babu gawa, babu jana'iza, babu zaman makoki, don haka babu wanda ya ce masa ko da "ya haƙuri". Na ajiye bulalar na kira shi gefe. Kun san abin da na ce masa? Na ce, "Ka yi haƙuri, kai namiji ne, ba a kuka." Ya dube ni ya ce to.

Daren nan ban runtsa ba. Muryar gwaggona na ji ta fito daga bakina, bayan shekara 18.

Ranar Juma'a, da ya rage rabin awa a tashi, na ce kowa ya rufe littafi. Na ja mayafina na rufe kai, na toshe hanci. Yara suka zaci Madam ta zautu. Na ba su labarin kasuwar da Hausa, sannan na ce kowa ya faɗi abin da ya ɓatar. Wani ya ce ɗan tsakonsa, wata ta ce zobe, wani ya ce wandonsa da ya shanya iska ta tafi da shi. Ajin ya kaure da dariya. Shi bai ce komai ba, amma bai yi barci ba. Juma'a ta biyu ma haka. A ta huɗu ya ɗaga hannu ya ce, "Madam, a kasuwar nan ana samun tari?" Na ce wane irin tari. Ya ce innarsa in ta tashi da asuba za ta hura wuta sai ta yi tari sau biyu, da shi yake farkawa, yanzu ba ya sanin gari ya waye. Na maƙe murya na ce akwai shi buhu-buhu, amma ya san farashi. Ya tsaya ya yi tunani, ya ba mu labarin ranar da ta bi zakara da muciya don ya sa baki a tuwo, zaninta ya harɗe ta, ta faɗa cikin kwandon kuka ta tashi kore shar. Yara suka yi ta dariya, shi ma yana yi, hawaye na zuba. Babu wanda ya ce ya yi shiru, don na riga na kafa dokar kasuwa cewa mai ciniki ba a katse shi. Yaron da ya fasa wa baki ne ya tura masa ƙyallen goge allo ya share fuska, ya tashi da farin alli har goshi, aka sake wata dariyar.

Kada in yi muku ƙarya, wannan bai gyara masa rayuwa ba. Bai ci jarrabawar ƙarshen shekara ba, daga baya na ji ya tafi ci-rani Nijeriya. Dambe dai ya ragu, kuma ya sami yara biyu da suke biyo masa da safe su tashe shi.

Labari ya kai gidaje. Wani uba ya zo har makaranta ya ce an turo ni koyar da karatu ne, ba in cika wa yara kai da ƙaryar aljanu ina wasa da mutuwa ba. Maganarsa ta dame ni, don ni ma ina da wannan shakkar. Da na zo hutu Zinder na je wurin wani dattijon malami da mahaifina yake ɗaukar karatu a wurinsa, na zayyana masa komai. Ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushi wajen ƙadangare. Ya ce mini yara su san tatsuniya ce, kada in sa mamaci ya yi magana, kada in taɓa abin da yake cikin kabari ko lahira, wannan ba fagen ƙirƙira ba ne. Sannan ya tuna mini cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuma ya taɓa tarar da wani ƙaramin yaro yana baƙin cikin mutuwar ɗan tsuntsunsa, ya tsaya ya kira shi da alkunya yana tambayarsa labarin tsuntsun cikin raha. Ya ce abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da maganar da take nuna rashin yarda da ƙaddara. Na tambaye shi zancen hawaye wuta ne. Ya girgiza kai ya ce, "'Yata, wa ya ɗora miki wannan?" Nan ma sai da na yi kuka, ina uwar 'ya'ya uku.

Daga nan na fara rubutawa da gaske. In ka zaga wurin masu sayar da littattafai za ka sami na Hausa da ake kawowa daga Kano, amma yawancinsu na soyayya da zaman aure ne, na manya. Na makaranta kuma da Faransanci suke. Yaron da ya wuce tatsuniyar Gizo bai kuma kai karatun manya ba, kusan ba a yi masa tanadin komai, alhali a wannan shekarun ne yake fara gane cewa wanda ya tafi ba zai dawo ba. Ina rubutawa da hannu, in kai a buga mini a kwamfuta, in yi kwafi da kuɗin aljihuna. Da na lura yara da yawa ba su saba karanta Hausa ba, sai na koma karantawa da murya ina turawa iyaye da malamai ta WhatsApp. Na koyi abubuwa a hanya, yawanci daga kuskure. Babin da na rufe da nasiha, yara sun saurara cikin ladabi ba su sake tambayarsa ba. Dariyar kuma dole ta faɗa kan masu rai da tsohon aljani da dillalinsa, ban taɓa barinta ta faɗa kan ciwo ko gawa ba. Yarinyar labarin na bar ta da halinta, mai saurin fushi, mai rowa, wani lokaci ma ba ta kyauta wa ƙawarta, don na gaji da marayun littafi da ba sa laifi.

Babi na bakwai ya fi kowanne ba ni wuya. A cikinsa ne yarinyar ta gaya wa tsohon aljani abin da ta ce wa ƙanenta a safiyar ƙarshe, da kalmomina, ban canja ko ɗaya ba. Na yi kusan wata ban san me zai amsa mata ba. Sai wani dare ina jin 'ya'yana suna cacar baki a kan wa zai wanke kwano, amsar ta zo. Tsohon ya yi atishawa ya ja ta zuwa bayan kasuwa, ya nuna mata wani tsauni na buhuna da ya fi duwatsun Birni tsawo. Ya ce duk "Allah ya raba ni da kai" ne da 'yan'uwa suka jefi juna da shi a Damagaram tun zamanin Sarki Tanimun, kullum ana kawo masa amalanke goma, ya rasa yadda zai yi da su, har ya fara cusa su a matashin kai. Ya ce ya gwada su a kan sauro, ko ɗaya bai mutu ba. Da wannan magana tana kisa, in ji shi, da garin nan ya daɗe da zama kufai, ba za a bar ko mai kiran salla ba. Ƙadangare ya gyaɗa kai. Na rubuta wannan ina dariya ni kaɗai a tsakar gida, kuma ranar ce na yarda da abin da na shekara da shekaru ina koya wa yara a kan allo.

Ƙawata na same ta a waya shekarun baya ta hannun wata 'yar'uwarta. 'Ya'yanta bakwai, tana sayar da ƙuli-ƙuli, surutun yana nan. Na ce mata kasuwarta ta shiga wayoyin mutane. Ta ce wace kasuwa. Na tuna mata, ta yi ta dariya tana cewa, "Ni na faɗi haka? Kai, na iya ƙarya da ina yarinya." Ƙadangaren kaɗai ta tuna. Na tambaye ta ƙarshen waƙar daka, ta ce wata ƙanwar mahaifiyarta ta rera mata shi ranar sunan 'yarta ta fari, ashe ma ba wani abin kirki ba ne, zambo ne ake yi wa kishiya.

Baba ya rasu, kaka ta riga shi da daɗewa. Inna tana wurina yanzu, idonta ya yi rauni. Ban taɓa karanta mata ko layi ɗaya ba, tsakanina da ita har yau gaisuwa ce da "ke". A bazarar bara, wani dare da zafi ya kore mu tsakar gida, ina zaune ina sake ɗaukar babi na farko a waya, ita tana kwance a tabarma ta juya baya, na ɗauka ta yi barci. Na kai inda yarinyar take cewa ta duba ta ga babu takalmin ƙafar dama. Sai na ji ta ce, "Na hagu ne."

Na ce, "Na'am, Inna?"

Ta ce na hagu ya ɓoye. Ta ce ita ta tsince shi, ana gab da babbar salla, a can ƙasan buhun gero, ranar da awo ya kai ƙarshe. Ya tura shi ciki iya tsawon hannunsa. Ta ce ta san ina nemansa, tana ganina ina ɗaga gadaje, amma ta kasa miƙo mini, ta ga in ta ba ni sai mun yi magana, ita kuma ba ta san ta inda za ta fara ba. Ta sa shi a cikin kwallarta.

Na tambaye ta ko yana nan. Ta yi shiru, sai na ga kafaɗarta tana motsi, na zaci kuka take yi. Ta ce wata rana ta fito da shi tana dubawa, aka yi sallama ta ajiye a bakin ƙofa, kafin ta dawo akuyar kakarmu ta cinye rabinsa. "Akuyar da ya ɗaura wa kallabi," in ji ta, ta kuma kira sunansa, cikakke, yadda take kiransa in ya yi ɓarna. Muka yi ta dariya a cikin duhu har 'yata ta leƙo daga ɗaki.

Da ta natsu ta goge ido da bakin zani ta ce, "Ke, abin nan naki yana ɗauka har yanzu?" Na duba na ce yana ɗauka. Ta ce, "To goge, ki sake daga farko. Ki ce na hagu."